Yadda ake gyara tsawon saitin gaba na bindigar iska a gida

Bindigar iskar da nake korar tsuntsaye da ita a garkarmu ta Jiratawa asali ta kawuna ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a ɗura mata ƙwayar dalma guda, mai bakin milimita 4.5. Da ta zo hannuna sama take bugu. In na auna kurciya a kan reshe, sai in ga ganye na zubowa daga saman kanta, ita kuwa ta tashi abinta. Na murɗa saitin baya, wato ɗan ƙarfen nan mai tsaga da ake leƙawa ta cikinsa in za a auna, har ya zauna ƙasa ƙurmus, bai hana ba. Sai na yi irin tunanin da kowa ke yi, na ce tunda sama take bugu bari in rage tsawon saitin gaba, ɗan tsinin nan da ke saman bakin bindiga. Na ari magagari wajen wani mai gyaran babur a unguwar Zariya, na goge kamar milimita 1 a zama guda. Washegari da na gwada a mita 15, kuskuren da bai wuce santimita 4 ba ya haura 7.

Da na kai wa kawu ita Tsibiri, ya juya ta, ya shafa kan saitin da babban yatsa, ya ce, “Kai ɗana, mi ta yi maka? Wannan ai gyaran gangar Abzinawa ne.” Ranar ce ya zaunar da ni ya nuna mini abin da zan rubuta a nan.

Ka fara riƙe wannan, domin a nan ne kowa ke faɗuwa. Saitin baya yana tafiya tare da harbi: ka ɗaga shi, harbi ya hau; ka kai shi dama, harbi ya koma dama. Saitin gaba kuwa saɓanin haka yake. Ka rage tsawonsa, harbi ya hau sama. Ka ƙara tsawonsa, harbi ya sauko. Dalilin a fili yake in ka ɗauki bindigar ka duba. Idan saitin gaba ya gajarce, dole ka ɗaga bakin bindiga kafin kansa ya daidaita da tsagar baya, kuma duk bakin da aka ɗaga sama zai jefa. Ke nan magagari na maganin bindigar da ke bugun ƙasa ne kawai. Wadda ke bugun sama ƙari take so.

Maganar hukuma kafin a taɓa ƙarfe. Halin rashin tsaro da ake ciki a kudancin jihar nan ta Maradi, daga Madarumfa zuwa Gidan Rumji da kewayen dajin Baban Rafi, ya sa duk abin da ya yi kama da bindiga ana kallonsa da ido biyu, kuma jandarma ba zai tsaya daga nesa yana tantance ta iska ce ko ta albarushi ba. Kada ka rataya ta a kafaɗa ka hau babur. Ka naɗe ta a buhu, ka sanar da mai unguwa ko mai gari inda za ka yi gwajin, in kana da takardarta ta kasance a aljihunka. Farauta kuma tana da dokarta ta 1998, ma'aikatan gandun daji ne ke kula da ita. Korar jan-baki daga gonar hatsi ko kashe gafiya a gindin rumbu daban, shiga daji neman nama daban.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin magagari mai laushin haƙora, samfefa mai laushi, salatif baƙi na masu gyaran wuta, turnabis da ya dace da kusoshin bindigar, awon tela ko na magina, rula mai layukan milimita, kwali babba, alƙalamin maka baƙi, da buhu biyu da aka cika da rairayi. In kana da aboki makanike, ka aro ma'aunin nan mai baki biyu da suke auna kaurin ƙarfe da shi. In babu, katin banki ya ishe ka, domin kaurinsa milimita 0.76 ne, biyu a haɗe kuwa milimita ɗaya da rabi ne da ɗan ɗigo.

Mataki na farko ba gyara ba ne, bincike ne, kuma ni a ganina cikin bindigogi goma da ake zargin saitinsu, yawanci laifin na wani wuri ne. Tabbatar babu ƙwaya a ciki kuma ba a ɗana ta ba. Sannan ka bi kusoshin da ke riƙe ƙarfen da ƙotar katako, galibi biyu a gaba ta gefe da gefe, ɗaya ko biyu a wajen kunama. Bindiga mai sifirin, wato irin wannan da naɗaɗɗen ƙarfe ke tura iskarta, tana girgiza duk lokacin da ta tashi, kusoshin nan kuwa suna kwancewa a hankali, ga zafin Maradi da ke busar da katako ya sa ya motse. Kusa guda mai sako-sako ta isa ta watsa harbi ko'ina. Ka duba kusar gaɓar da ake karyawa, kada bututun ya riƙa rawa hagu da dama. Ka duba zoben robar da ke bakin inda ake sa ƙwaya, in ya tsage iska na zurarewa, ƙarfi ya ragu, ƙwaya ta faɗi ƙasa da inda ta saba. Wanda ya goge saiti alhali zoben ne ya mutu, ranar da ya sa sabon zobe bindigarsa za ta koma bugun sama. Ka kama saitin gaba da na baya ka jijjiga su, ko ɗaya kada ya motsa.

Sai ƙwaya. Ka zaɓi iri ɗaya, gwangwani ɗaya, wadda za ka ci gaba da amfani da ita. Ƙwayar 4.5 nauyinta wajen rabin giram ne, ta 5.5 kuma ta kusa giram guda, amma a cikin kowane girma akwai mai nauyi da marar nauyi, mai tsini da mai faffaɗan kai, kuma ba wuri ɗaya suke sauka ba. Ta kasuwa da ake sayarwa a ƙulle cikin leda sau da yawa gaurayayya ce, wasu siket ɗinsu, wato buɗaɗɗen gindinsu, a lotse. Ka zauna ka tsince masu kyau. Kuma don Allah a bar ɗabi'ar nan ta tara ƙwaya a baki don saurin ɗuri. Dalma guba ce, mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun ji abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya a 2010. In an gama a wanke hannu da sabulu kafin a kai shi akushi.

Mataki na biyu shi ne wurin gwaji da nisa. Ka nemi katangar laka mai kauri wadda babu ƙofa ko hanya a bayanta, ko ka jingina buhunan rairayi. Bulo na siminti, ƙarfe, dutse da busasshen katako mai tauri duk suna maido da ƙwaya, ido kuma ba ya da na canji. Yara su koma bayanka, awaki a ɗaure su. Nisan da za ka zaɓa shi ne wanda ka fi harbi a kansa. Ni mita 15 nake, domin nan ne tsakanin inda nake fakewa da bakin gonar. Mai ɓerayen rumbu mita 10 ta ishe shi, wadda ita ce ma nisan da ake gasar bindigar iska a kansa a wasannin Olamfik. Ka auna da awo, kada ka ƙidaya taku, saboda lissafin da ke tafe a kan wannan adadi ya dogara. Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba da gari ya waye, kafin iska ta tashi. A tsakiyar hunturu da iska ke kaɗawa tun hantsi, gara ka jira ranar da ta lafa.

Kafin harbi, mayar da saitin baya tsakiyar tafiyarsa. Murɗa shi har ƙasa, sannan har sama kana ƙidaya ƙarar da yake yi, ka dawo rabi. In murɗa shi kaɗai ya kawo harbi inda kake so, ka mayar da magagari ga mai shi, aiki ya ƙare. Gyaran saitin gaba na wanda na bayansa ya ƙure ne, ko kuma kafaffe ne ba ya murɗuwa. Amfanin barinsa a tsakiya kuwa shi ne ka samu sarari sama da ƙasa na gyaran gobe.

Mataki na uku, harbin gwaji. Zana baƙin ɗigo a kwali, girman tsabar dala ashirin. Zauna, ɗora buhun rairayi a kan turmi ko benci, ka shimfiɗa tafin hannunka a kan buhun, bindigar ta kwanta a tafin. Kada ka ɗora bututun kai tsaye a kan abu mai tauri, kada kuma ka damƙe ta kamar za a ƙwace. Mai sifirin tana motsi tun ƙwaya ba ta fita ba, saboda haka riƙon da ka yi mata yau shi za ka yi mata kullum, hannu a wuri ɗaya, kunci a wuri ɗaya. Kan saitin gaba ya yi daidai da kafaɗun tsagar baya, hasken hagu da na dama su zama ɗaya, idonka a kan saitin gaba yake, ɗigon can ya ɗan yi dishi-dishi ba laifi. Ka yanke shawara tun yanzu: tsakiyar ɗigon za ka riƙa aunawa ko gindinsa? Duk wanda ka ɗauka, kada ka sauya a tsakiyar aiki.

Harba biyar ba tare da ka gyara hannu don bin ramin farko ba. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin zuciya na son ta ga an bugi ɗigon. Ba ɗigon ake nema ba yanzu, taruwar ramukan ake nema. Sauya kwali, ka sake biyar, ka kuma sake. In ramuka biyar sun taru har tsabar dala ashirin ta kusa rufe su, ko aƙalla kwalin ashana ya rufe, to ana iya lissafi. In sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, to ba saiti ba ne, ko hannunka ne ko ƙwaya ko kusa. Kawu cewa ya yi, “In faɗin watsuwar ya fi kuskuren da kake son gyarawa, aje magagari ka koyi harbi tukuna.” Na ji haushi a lokacin, amma gaskiya ya faɗa.

Ka sa alama a tsakiyar kowane taro, ka auna da rula nisanta daga inda ka auna, sama ko ƙasa. In kwali uku sun ba ka 4.5 da 5 da 5.5, ka ɗauki santimita 5.

Mataki na huɗu, lissafi, wanda shi ne zuciyar aikin. Auna tazarar da ke tsakanin tsagar saitin baya da bayan saitin gaba. Mayar da komai milimita. Sai ka ninka kuskuren da wannan tazara, ka raba da nisan kwali. Abin da ya fito shi ne abin da za a rage ko a ƙara.

Misali, bindiga na bugun ƙasa da santimita 5, wato milimita 50. Tazarar saiti santimita 45, wato 450. Nisa mita 15, wato 15,000. To 50 sau 450 ya ba da 22,500, a raba da 15,000, ya fito milimita 1.5. Kaurin katin banki biyu ke nan. Tawa kuwa da ke bugun sama da milimita 40, ƙarin 1.2 take so tun farko, na je na rage mata 1, bashi ya zama 2.2.

Wannan lissafi bai san irin bindiga ba. Ƙaramar bindigar hannu mai juyi, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, da yawa daga cikin irinta saitin bayansu tsaga ce kawai a jikin ƙarfe, ba abin murɗawa, shi ya sa masu ita can suke gyara ta gaba. Sai dai tazarar saitinta gajera ce. In santimita 15 ce, kuskuren santimita 10 a mita 25 gogewar milimita 0.6 kacal yake so, bai kai kaurin kati ɗaya ba. Mu nan irin wannan sai jami'in tsaro ko mai izinin ma'aikatar cikin gida, gyaranta kuma na ma'ajiyar makamai ne. Na kawo ta ne don a ga cewa duk yadda tazarar saiti ta gajarta, haka ɗan shafawa kaɗan ke kai harbi nesa.

Mataki na biyar ga mai bugun ƙasa, wato ragewa. Sake tabbatarwa babu ƙwaya. In saitin na da rumfar ƙarfe a kansa, zare ta. In saitin kansa na kwancewa da kusa, kwance shi ka yi aikin a tebur, ya fi sauƙi. In ba ya fita, toshe bakin bututun da ɗan tsumma don garin ƙarfe kada ya shiga, ka naɗe kewayen da salatif ninki uku saboda zamewar magagari. Kwantar da bindigar a kan buhu, wani ya riƙe maka, ko ka matse ta tsakanin katako biyu da tsumma. Auna tsawon saitin yanzu ka rubuta a takarda. Shafe gefensa da maka, ka ja layi da bakin allura a daidai inda lissafi ya ce a tsaya.

Kada ka je layin. Rabi za ka ci. In 1.5 ne, goge kamar 0.7 ka tsaya. Riƙe magagarin da hannu biyu, a kwance sosai, ka tura gaba ka ɗaga, ka dawo ka sake turawa, ba goga-goga kamar mai wankin tukunya ba. Bayan kowane turi biyar ka tsaya ka leƙa ta baya, ka ga ko kan ya karkata. Hannun mutum na son danna gefe ɗaya, kan da ya karkata kuwa zai riƙa jan idonka gefe har abada. Dabarar da na koya ita ce a shafa maka a saman kafin kowane zagaye, inda baƙin ya rage nan ne magagari bai taɓa ba. Ka bar saman ya ɗan gangara kaɗan zuwa wajen baki, yadda gefen da ke fuskantar idonka zai zama shi ne mafi tsawo, ya fito da kaifi.

Ƙarfen da aka goge yana ƙyalli, ƙyalli kuma na ruɗin ido har ka ga kan saitin ba inda yake ba. Shafe shi da maka kafin gwaji. Cire tsumman baki, wannan kada a manta, ka koma ka harba biyar. Auna, sake lissafi da sabon kuskure, ka ci rabin abin da ya fito. Zagaye uku ko huɗu ake yi. Idan saura bai wuce santimita 1 ba, ka bar magagari, ka ƙarasa da saitin baya in yana murɗuwa, ko da shafa biyu na samfefa da aka naɗa a jikin katako mai faɗi.

Saitin roba mai ɗan zare ja ko kore mai haske a kansa ba a goge shi, zaren zai tafi. Wannan sai dai a sauya.

Ga mai bugun sama kuwa, irin tawa, ƙari ake yi, kuma shi ya fi daɗin sha'ani domin ana iya warwarewa. Fara da gwaji na wucin gadi: yanka ɗan guntun kati, ka manna shi a kan saitin da salatif siriri, ka harba biyar ka ga ko lissafinka ya yi. In ya yi, sai na dindindin. Hanyar gida ita ce gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa, irin Araldite, ko mai launin toka da makanikai ke liƙe tanki da shi. Kankare saman saitin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, ka goge maiƙo da ɗan fetur ko alkol, ya bushe. Manna salatif a gefe biyu ya zama kamar ɗan kwali mai buɗaɗɗen sama, ka cika da gam ya zarce abin da kake so da kamar milimita 1. Bar shi kwana guda cur a inuwa, ko da an rubuta minti biyar a jikin kwalin. Washegari ka ɓare salatif, ka daidaita gefuna, ka ga yanzu bindigar ta koma bugun ƙasa, sai ka bi matakin ragewa sannu a hankali har ta zo daidai.

Gam na iya ɓallewa in bindiga na yawan karo da abubuwa. Mai son abin da zai daɗe ya kwance saitin ya kai wa mai gyaran rediyeta ko maƙerin farin ƙarfe, a liƙa masa ɗan guntun tagulla da dalma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai bindigar sukutum wajen mai walda ya ɗiga wuta a kan bututu. Zafin na iya lanƙwasa bakin ko ya ɓata shi, kuma inci na ƙarshen bututu shi ke sallamar ƙwaya. Ni da gam na yi tawa, damina uku ke nan bai motsa ba, sai dai ina jingine ta da gindi, ba na barin bakinta ya daki bango.

Hagu da dama ba su da dogon bayani. In saitin baya na da abin murɗawa na gefe, yi da shi, ka kai shi inda kake son harbi ya koma. In babu, kuma saitin gaba a cikin tsaga yake zaune, ana tura shi da ɗan guntun tagulla da ƙaramar guduma, lissafi ɗaya ne, kuma shi ma saɓani yake: harbi na zuwa hagu, tura saitin gaba hagu. Ja layi da allura a gindinsa kafin ka buga, don ka ga nawa ya matsa.

Da an gama, share garin ƙarfe, ka baƙanta kan saitin da baƙin fenti marar ƙyalli, ko ka bi shi da hayaƙin kyandir in na ƙarfe ne zalla. Shafa ɗan mai a bayan ƙarfen saboda tsatsar damina, amma kada ka ɗura man inji a ramin iska, yana kamawa da wuta saboda matsi, ya yi ƙara kamar ta albarushi, ya ƙone robar ciki. Kada kuma ka harba ta babu ƙwaya, sifirin ke wahala. Daga nan ka gwada ta a mita 10, da 20, da 25 ba tare da ka taɓa komai ba, ka ga nawa take hawa ko sauka a kowane nisa. Ni na rubuta nawa a ɗan takarda, da sunan ƙwayar da nisan da na saita, na manne a gefen ƙota da farin salatif.